Hayaƙin tsohuwar Marsandi: robar bawul ce ko ringi?

Wani ƙaninmu daga unguwar Aboabo a Kumasi ya kawo tambaya, tun shekaranjiya nake juya ta a raina. Mahaifinsa, Allah ya jiƙansa da rahama, ya bar masa Marsandi 200 mai shan fetur, ƙirar 1982, irin wadda kamfanin ya sa wa lamba W123. Motar tana tsakar gida an lulluɓe ta da tamfol. Duk bayan mako biyu yakan tayar da ita, ya bar ta tana sulo kamar minti goma, ya kashe. Titi kuwa ba ta ganinsa sai da Sallah ko in ana ɗaurin aure a dangi. Yanzu ta fara hayaƙi. Ya kira makanikai biyu daga Magazin, matattarar makanikai ta Suame. Na farko ya ce ringi ne, wato zoben fistin, a sauke inji. Na biyu ya ce robar bawul ce, aikin yini ɗaya. Shi ne yake tambaya, wa zai bi?

Ƙanena, kada ka bi kowa tukuna. Ba don ɗayansu maƙaryaci ne ba. Dukansu biyu hayaƙi iri ɗaya suka gani, kuma cutukan nan biyu hayaƙi iri ɗaya suke fitarwa, mai shuɗi-shuɗi, mai warin ƙonannen baƙin mai. Dalili kuwa, a duka biyun baƙin mai ne yake shiga inda fetur kaɗai ya kamata ya ƙone. In roba ce, daga sama yake gangarowa ta jikin sandar bawul. In ringi ne, daga ƙasa yake haurowa ta gefen fistin. Launi ba zai raba maka su ba. Abin da zai raba su shi ne lokacin da hayaƙin ke fita, kuma wanda ya tsaya a tsakar gidanka minti goma bai ga wannan ba, komai gwanintarsa.

Amma kafin a kai nan, ka tabbatar hayaƙi ne, ba tururi ba. Duk litar fetur ɗaya da ta ƙone tana haifar da ruwa kusan lita ɗaya. In salansa ta ɗau zafi, ruwan yana ficewa ba ka ganinsa. In tana da sanyi sai ya kwanta a cikinta. Sulon minti goma ba ya zafafa tukunyar salansa ta baya, don haka kowane tayi da kake yi ƙara mata ruwa kake. Ga danshin Kumasi a watan Yuni, ga sanyin safiyar hunturu. Ka samu farar takarda ka kara a bakin salansa na ɗan lokaci. In ɗigon ruwa ne, ko da baƙin gawayi a ciki, zai bushe ya bar takardar ba maiƙo. In mai ne, zai bar tabo irin wanda ƙosai ke bari a jarida. Tururi yana watsewa taku biyu daga motar. Hayaƙin mai yana rataya a iska, ya bi tsakar gida, ya kama rigarka, har uwargida ta tambaye ka ko daga gareji kake.

To, mu ce mai ne. Bari mu jera su biyun.

Robar bawul ƴar ƙaramar hula ce a saman kowane bawul, aikinta ta share mai daga sandar, ta bar ɗan abin da zai hana guga kawai. Injin da ke cikin motarka, M102, ya fito ne a 1980, silinda huɗu, bawul takwas, saboda haka roba takwas. In ba a taɓa canza su ba, sun haura shekara 40 suna cikin zafi. Roba ba ta san ajiya ba. Ko motar tana tafiya ko tana kwance, tana tsufa, ta bushe, ta yi tauri kamar ƙwaryar kwakwa, wani lokaci kana taɓa ta da fulaya ta farfashe. Da ka kashe inji, man da ya rage a saman kan silinda sai ya riƙa silalewa ta sandar bawul a hankali, dare da rana. Mota mai fita kullum awa goma kawai take ba shi. Taka mako biyu take ba shi. Shi ya sa da ka murɗa makulli sai gajimare guda ya tashi, ya yi daƙiƙa ashirin ko minti ɗaya, sannan ya lafa.

Ringi ba haka yake ba. Shi da sanyin safiya sau da yawa yana ɓoye kansa, domin mai yana da kauri, bai iya kurɗawa sosai. Sai inji ya yi zafi, mai ya tsinke, ka taka totur, sannan hayaƙi ya biyo ka kamar jela, kuma ba ya yankewa. Ƙara wuta, ƙara hayaƙi. Roba tana jin kunyar gudu, ringi kuwa a gudu yake tona kansa.

Akwai wuri na biyu da roba ke bayyana. Duk lokacin da ƙafarka ba ta kan totur, bakin kafireto a rufe yake, fistin kuma yana zuƙa, to sai ya zuƙi abin da ya samu, har da man da ke kan bawul. Shi ya sa in ka daɗe a cunkoson shataletalen Suame ko wajen Kejetia motar tana sulo, da hanya ta buɗe ka taka, sai fuu, hayaƙi guda ya turnuƙe mai Pragya, keken nan mai ƙafa uku, da ke bayanka, daga nan kuma shiru. Wannan roba ce. Ringi a cunkoso ba ya tarawa ya saki lokaci ɗaya, nasa a jere yake.

Hanya ɗaya na sani da za ta yi maka gwajin biyu a fita ɗaya, ita ce hanyar Mampong. Bayan ka wuce Jamasi akwai hawan dutsen nan mai lanƙwasa. Ka samu wani ya bi ka a baya da wata mota, na kusa da direba yana ɗauka da waya, domin ta madubi ba za ka ga rabin abin da ke fita ba. A hawa, inji yana ɗauke da nauyi, totur a buɗe. In hayaƙi ya yi ta zuba tun daga ƙasa har sama, masta na farko ya yi gaskiya. In hawan ya wuce fes, juyo ka gangaro da giya ta uku ko ta biyu, ƙafa a ɗage, inji yana riƙe motar. Da ka iso ƙasa ka taka. In a nan ne gajimaren ya fito, masta na biyu ne mai gaskiya. Sai dai kada ka hau wannan dutse da motar da ta shekara tana kwance ba a duba birkinta ba. Man birki yana shan danshin iska, shi ya sa ake canza shi duk shekara biyu, kuma wanda ya sha ruwa a gangara yake tafasa ya bar ka da feda a ƙasa. Tayoyi ma ka karanta lambobi huɗun da ke gefensu, biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. Taya tana iya zama da zanenta cif amma ta mutu a tsaye.

A gida ma akwai abin da za ka gani da idonka. Inji da zafi yana sulo, buɗe murfin da ake zuba baƙin mai, ka ɗora tafin hannu sama da bakin ba tare da ka taɓa ba. Ɗan numfashi kaɗan ba komai ba ne, kowane tsohon inji yana yi. Amma in yana huro maka hayaƙi fuf-fuf-fuf kamar tukunyar waake da shinkafa ta tafasa, iskar ƙuna ce take tserewa ta gefen ringi zuwa cikin inji. Roba ba ta kawo wannan ko kaɗan. Buɗe gidan iyakilina kuma, wato matatar iskar inji. In ka tarar da mai kwance a ciki, ko dai iskar nan ce ta koro shi, ko bututun numfashin inji ya toshe. Ka fara wanke bututun kafin ka zargi ringi, domin toshewarsa kaɗai tana sa lafiyayyen inji hayaƙi.

Fulogi ma yana magana, amma shaida ce mai rauni a motar da sulo kawai take yi, domin duk za ka same su baƙi. Bayan tafiyar Mampong ne ya dace a cire su, a jera su ɗaya zuwa huɗu kada a cakuɗa. Mai tara busasshen toka fari-fari, sau da yawa a gefe ɗaya, ya fi kama da aikin roba. Mai jiƙe da baƙin mai sharkaf har zare ya fi kama da ringi. In ɗaya ya fito tas kamar sabo alhali sauran da datti, ajiye maganar mai gaba ɗaya, ruwa ne yake wanke shi, ka nemi gaskit ɗin kan silinda.

Sai awon matsin silinda, wanda duk mai cewa a sauke inji ya wajaba ya yi a gabanka. A zafafa inji, a cire fulogi duka, a cire wayar kwayil, a take totur har ƙasa, batir ya kasance da ƙarfi. Lafiyayyen inji irin wannan yakan nuna wajen bar 10 zuwa 12 a agogon, bar shi ne ma'aunin matsin. Abin dubawa ba girman lambar ba ne kawai, daidaiton su huɗun ne. In tazarar da ke tsakanin mafi ƙarfi da mafi rauni ta wuce bar ɗaya da rabi, akwai magana. Sai a zuba baƙin mai cokalin shayi ɗaya ta ramin fulogin mai raunin a sake awo. In lambar ta yi tsalle, mai ya toshe gefen fistin na ɗan lokaci, ringi ne. In ba ta motsa ba, bawul ne ba ya zama daidai. In biyu maƙwabtan juna suka faɗi tare, gaskit ya ƙone a tsakaninsu. Robar bawul kuwa ba ta taɓa matsi, ko ta lalace gaba ɗaya agogo lafiya zai nuna. Wani abu guda da agogon ba ya gani shi ne ringin ƙasa, mai share mai. Fistin yana da ringi uku, biyu na matsi, ɗaya na mai. Na man yana iya maƙalewa alhali na saman suna aikinsu, awo ya fito da kyau, mota kuma tana hayaƙi. Don haka awo bai isa shi kaɗai ba, sai an haɗa shi da abin da aka gani a hanya.

A nan ne nake so in daɗe kaɗan, domin nan ne masu ajiyayyun motoci ke asarar kuɗi. Ringi ya cinye daban, ringi ya maƙale daban. Wanda ya cinye, tafiya ce ta cinye shi, irin na tasi da ya yi shekaru yana zirga-zirga tsakanin Kumasi da Tamale. Wannan ba shi da magani sai sabo. Wanda ya maƙale kuwa zama ne ya kama shi. Tsohon fetur da ya yi watanni a tanki yana zama kamar ƙaro, cok, mai taimaka wa inji tashi, yana zuba fetur da yawa a kowane tayin sanyi, gawayi yana taruwa, ruwa yana shiga baƙin mai ba ya samun zafin da zai kore shi. Duk wannan sai ya daskare a ramin ringi, ya hana shi buɗewa ya manne da bangon silinda. Ƙarfen lafiyarsa lau, ɗaure shi kawai aka yi. Sau da yawa sabon mai, sabon fetur, da tafiya mai nisa sau uku ko huɗu suna sake shi. Ba kullum ba, amma sau da yawa. Wanda ya buɗe injin zai tarar da ringi a maƙale ya nuna maka ya ce ka gani, na faɗa. Bai yi ƙarya ba. Sai dai ka biya kuɗin tiyata a kan abin da motsa jiki zai iya warkarwa.

Ka lura da sandar awon mai ma. In man yana ƙaruwa maimakon raguwa, kuma ka shinshina ka ji fetur, ko famfon fetur ne robarsa ta huje yana zuba cikin inji, ko kafireto yana ambaliya. Man da fetur ya tsinka yana wuce ringi ko da sabo ne. Haka in an cika mai ya haura alamar sama. Waɗannan biyu gyaransu bai kai na ringi tsada ba, amma hayaƙinsu bai da bambanci da na injin da ya mutu.

Ni kaina na taɓa faɗawa wannan rami, shi ya sa nake ja maka kunne. Shekarun baya wani dattijo ya kawo mini motarsa tana farin hayaƙi mai kauri, mai yaji a ido. Ina ji da kaina a lokacin, ban tsaya dogon bincike ba na ce gaskit. Muka ɗaga kan silinda, muka kai aka goge fuskarsa, muka sa sabon gaskit, muka ɗaure. Ina tayarwa hayaƙin ya dawo kamar ba a yi komai ba. Ina tsaye ina zufa, sai yaron da ke koyon aiki a wurina ya ce, Masta, jiya ma na ƙara man birki, yau ga shi ya sake sauka. Na zare bututun da ya taso daga tukunyar birki, mai ƙara wa feda ƙarfi, zuwa inji, sai ga shi a jiƙe. Ashe masta-silindar birki ce take yoyo ta baya cikin tukunyar, inji kuma yana zuƙe man yana ƙonawa. Kuɗin gaskit daga aljihuna ya fita, kunyar kuwa har yau ban gama biya ba. Motarka tana da irin wannan tukunya, kuma robobin birki sun fi lalacewa a motar da ba ta motsi. Ka duba gorar man birki. In giyarta mai canza kanta ce, akwai wani siririn bututu makamancin wannan da ke zuwa gefen giya, shi ma in robarsa ta fashe man giya yake kai wa inji.

Baƙin hayaƙi ba zan ɓata maka lokaci a kansa ba. Fetur ne ya yi yawa, wari zai gaya maka. Cok ya maƙale, ko iyakilina ta toshe, wani lokaci ɓera ne ya yi sheƙa a ciki, ko kafireto yana son wanki.

Yanzu ka auna nauyin aikin biyu. Roba ana canza ta ba tare da an ɗaga kan silinda ba. Ana hura iska ta ramin fulogi ta riƙe bawul, ko a cusa igiya mai laushi a ɗago fistin ya danne ta, a cire sifirin, a zare tsohuwar roba a sa sabuwa. In masta ya san aikinsa, ka kawo da safe ka ɗauka da yamma. Ka ce masa yayin da sifirin ke cire ya girgiza sandar bawul da yatsa. In tana rawa sosai, hanyar da take bi ce ta buɗe, sabuwar roba ba za ta daɗe ba, dole kai ya sauko. Ringi kuwa buɗe ciki ne. Da an buɗe, gaskit sabo, metal, wato biyarin ciki, sabo, a auna bango, in ya ci a kai wajen masu boring su faɗaɗa silindar, sannan fistin ma sai an canza. Ana kukan targaɗe sai ga karaya. Ga kuma neman kayan gyara na ƙwarai, domin a Magazin da kasuwar Abossey Okai ta Accra akwai na asali akwai jabu, kwalinsu ɗaya. Injin da aka ɗaure a Jamus, wanda bai taɓa ganin sifana a cikinsa ba, abu ne da ba ya dawowa in an buɗe shi. In an yi kuskure aka canza roba alhali ringi ne, ka yi asarar yini ɗaya da kuɗi kaɗan, kuma robar dama lokacinta ya yi. In aka yi kuskuren ta ɗaya ɓangaren, asarar ta wata guda ce da kuɗin da ba ka shirya ba.

In ka tambaye ni inda zuciyata ta karkata, daga yadda ka bayyana, na fi zaton abu biyu ne suka haɗu: roba ta bushe, salansa kuma cike take da ruwa da tsohon mai. Ringi shi ne na ƙarshe a lissafina, kuma ko shi ne, na fi zaton maƙalewa ce. Amma zato nake daga nesa, gani ya kori ji.

Ga abin da zan yi da motar tawa ce. A zuƙe tsohon fetur a zuba sabo. A juye baƙin mai da zafinsa, a sa sabo mai lamba 20W-50 da sabuwar filta, daidai alama, kada a ɗora. Kada ka yarda a zuba maka maganin nan mai kauri kamar zuma da ake cewa yana tsayar da hayaƙi, ɓoye shaida kawai zai yi kafin a yi shari'a. Ka tambaya ko tamostat, mai daidaita zafin ruwan inji, yana nan, domin a ƙasashenmu an saba cire shi a jefar wai yana kawo zafi. Injin da ba shi da shi yana daɗewa bai kai zafin aikinsa ba, allurar zafi ta kamata ta zauna wajen digiri 80 ko sama kaɗan. Sannan ka yi alama a sandar awon mai, ka rubuta lambar kilomita, ka fita. Minti ashirin na farko za ta yi hayaƙi ko lafiyarta ƙalau, dattin salansa ne yake ƙonewa, kada gabanka ya faɗi. Abin da ta yi bayan nan shi ne nata na gaskiya. Ko bayan an canza roba ma haka za ka gani kwana ɗaya ko biyu, kada ka koma ka kama wuyan masta.

Tayin tsakar gida kuwa ka daina shi. In ba za ka fita da ita ta yi rabin awa a kan titi ba, gara ka cire kan batir ka bar ta ta huta. Kuma kada ka taɓa barinta tana aiki a rufaffen gareji ko kusa da tagar ɗakin yara, motocin wancan zamani iskar da suke fitarwa tana kisa, ita gubar kuma ba ta da wari. Ranar Juma'a ka ɗauki Hajiya ka kai ta gaishe-gaishe Ejisu ko Offinso, ku dawo da la'asar. In ka yi tafiyar Mampong, ka turo hoton da aka ɗauka a hawa da na gangara, da fulogin nan huɗu a jere, da lambobin awon matsi.